Shekarar da Ƙafata ta Daina Amsa Ƙwarya

Ƙarar ba ta fi ta busasshen karan dawa da aka taka ba. Ƙas, sau ɗaya, a idon sawuna na hagu, a ƙarƙashin cakansamin da na ɗaura don rawa. Ƙwarya tana tashi, shantu yana amsa mata, mata sun cika tsakar wani gida a Gwaram suna rangaɗa guɗa, ƙamshin turaren wuta ya gauraya da na sabulun da aka wanke tayil da shi. Babu wadda ta ji ƙarar sai ni. Daga wannan yammacin har kusan shekara, abu ɗaya ne a gabana: wannan ƙafar za ta sake rawa, ko kuwa ta gama aikinta.

Saboda ku nake rubuta wannan, ƙannena, ku da kuke tare ni a ƙofar makarantar da nake koyarwa kuna cewa, Anti Ma'u, a sa mu a ƙungiya, ai mun iya, mun gani a waya. Ban ce ba ku iya kaɗa kafaɗa ba. Amma abin da waya take nuna muku furen ne kawai. Ba ta nuna muku ƙafar da aka jiƙa a ruwan zafi washegari, ba ta nuna cikin da ya ƙi karɓar abinci tun safe.

Mu 'yan rawar cikin gida ne. Kamu, wunin biki, suna, nan ne wurarenmu, kuma tsakanin mata kaɗai. Da wannan sharaɗin Babanmu ya yarda na shiga, da kuma cewa magariba ta same ni a gida ko a hanya. Uwar ƙungiyarmu Inna Dije ce, a garinmu Sundimina, gajeriyar tsohuwa mai noman gyaɗa, wadda in tana tafiya za ka ce ƙasa take lallashi.

Aikina na farko a wurinta jiƙa kaba ne. Na je da zumuɗi, na ci ɗamara, sai ta miƙo mini dami ta nuna mini baho. Cakansami, abin nan da muke ɗaurawa a ƙafa yana caccaka, da kaba ake saƙa shi, ƙananan aljihuna a jere, kowanne da tsakuwa a ciki. Kabar da ba ta jiƙu ba karyewa take a hannu, wadda ta wuce jiƙo kuma tana fumfuna. Tsakuwar a rafi muke tsintowa, da kunne ake zaɓenta ba da ido ba. Mai girma tana ƙuje ƙafa, ƙarama kuma sautinta kamar ana tankaɗe yashi. Na daɗe ina saƙa kafin ta bar ni na ɗaura, kuma ɗaurin ma karatu ne: tsumma a ƙasa, igiya a sama, kada a matse har jini ya tsaya, kada a sake har fata ta saluɓe. In na yi kuskure takan ce, 'yar boko, wannan ba ya cikin littafinku ko, sai ta kwance ta sake ba ni.

Bayan saƙa sai saurare. Yaya Talatu ce mai ƙwaryarmu, tana kifa ƙwarya a kan ruwa cikin baho tana kaɗawa da 'yan sanduna. Yawan ruwan yana sauya muryar ƙwaryar, zafin rana ma yana sauya ta. Ni a kunnena muryar ƙwarya da safe kamar ta wadda ta tashi daga barci ce, da la'asar kuma ta washe. Sai da na iya gane inda Yaya Talatu za ta juya kiɗa tun kafin ta juya, daga yadda take ɗaga gwiwar hannu, sannan aka ce in shiga layi, can baya.

Akwai kuma karatun ƙasa. Duk gidan da muka shiga, kafin a kifa ƙwarya, mai jan layi takan cire takalmi ta zaga filin da tafin ƙafa. Daɓe shi ne masoyinmu, yana karɓar dunduniya ya mayar da ita a hankali. Yashi yana cin ƙarfi. Siminti yana hawa har gwiwa. Tayil kuwa, wanda yanzu kowa yake sawa a tsakar gida, in ya ga ruwa ba shi da amana.

Masu kiranmu iri-iri ne. Akwai uwar bikin da za ta ce ku iso da azahar, ku zauna a ɗakin awaki da aka share har bayan la'asar. Akwai ƙawayen amarya da suka fi son mai kiɗan lasifika, suna tsaye suna danna waya suna jiran ku gama. Akwai tsofaffi a kan tabarma, waɗanda su ne alƙalan gaske, in kin tsallake taku ɗaya na zamaninsu za ki ji tsaki daga kusurwa. Wata Hajiya a Wurno ta taɓa cewa mu juya duk rawar ta fuskanci dangin ango, domin su san ba daga daji suka ɗauko yarinya ba. Muka juya, rana tana dukan idonmu har muka gama.

Amma abin da ya bambanta ƙungiyarmu da sauran ba kayan aiki ba ne. Tambaya ce. Duk ranar aiki, lokacin da muke zaune muna ɗaura cakansami, Inna Dije takan bi mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, yau me kika zo ɗauka? Dole ki faɗi abu ɗaya, ƙarami, wanda yake hannunki. Yau dunduniyata ba za ta taɓa ƙasa ba a juyi. Yau zan riƙe numfashina daidai har ƙarshen waƙa ta biyu. Yau ba zan kalli ƙafar ta gabana ba. In kika ce kina so a yi miki guɗa, ko a yi miki liƙi, ko ki fi wance, sai ta ce wannan a hannun mutane yake, sake wani. Da yamma kuma, muna kwancewa, takan tambaya ko kin ɗauka. In kin ɗauka, madalla. In ba ki ɗauka ba, sai ta fara sa ki faɗi abin da ya tafi daidai, sannan a zo kan abin da ya kuɓuce. Ko ranar da aka watse mana ana tsakiyar waƙa saboda abinci ya fito, sai da ta samo abin yabo: ta ce aƙalla layinmu bai karkace ba.

Da farko na ɗauka tsarin tsufa ne kawai. Daga baya na lura da abin da yake yi a jiki. Yarinyar da ta tafi biki da burin ta burge gari guda, tun a mota bakinta yake bushewa, kafaɗunta su hau kunne, ta kasa haɗiye ko fura. Tana shiga fili numfashinta ya gajarce, kuma irinta ce take komawa gida da targaɗe ko ciwon kai. Wadda ta tafi da abu ɗaya ƙarami kuwa, za ki gan ta tana cin gyaɗa a hanya tana tsokanar direba. Fargabar fili ba ta barin kowa, amma in an ba ta wuri ƙarami ta zauna, ba ta cika gidan.

Ranar Gwaram babu wadda ta yi mana tambayar. An yi wa Inna Dije rasuwa a dangi, ta aiko cewa ni zan ja layi. Karo na farko ke nan. Gidan babban gida ne, kuma mun ji cewa an ɗauko mai lasifika daga birni, mu an kira mu ne don a faranta wa kakar amarya. Tun kwanaki kafin ranar barcina ya ragu, abinci ya daina yi mini ɗanɗano. Abin da na ɗauka a kaina shi ne sai Gwaram ta manta da lasifika, sai an san Sundimina tana da ƙafafu. Muka ɗaura cakansami kowa shiru. Hankalina yana kan taron, ban cire takalmi na zaga filin ba, ban ga inda ruwan wanke tayil ya kwanta a gindin bishiyar lemo ba.

A juyi na uku ƙafar ta zame ta lanƙwashe, na ji ƙarar nan. Ga kuskuren da mai rawa kaɗai take yi: ban tsaya ba. In ƙwarya ta yi zafi jiki ba ya jin ciwo, duk mun san haka, har muna alfahari da shi. Na sunkuya kamar cikin salo ne, na ƙara matse igiyar cakansami a kan wurin, na ci gaba har waƙoƙi suka ƙare. Kakar amarya ta tashi ta taka tare da mu. Sai da Yaya Talatu ta ɗaga ƙwarya daga ruwa, shiru ya sauka, sannan ƙafar ta yi magana. Igiyar ta nutse cikin kumburi, da reza aka yanke ta.

Washegari Babanmu ya kai ni asibiti a Birnin Kudu. Aka ɗauki hoto, aka ce jijiya ta yage, ƙashi ma ya ɗan tsage, kuma rawar da na ci gaba da yi a kai ita ta fi yin ɓarna. Aka sa filasta. Da aka cire, ƙafar ta fito siririya, fara, kamar ba tawa ba. Aka tura ni wurin masu gashin ƙashi, wata ma'aikaciya mai sanyin hannu ta riƙa murza ta tana lanƙwasawa. Na je 'yan lokuta, sai damina ta sauka, hanya ta lalace, Babanmu yana gona, zuwan ya tsaya.

Ita ce muguwar shekararmu. Ruwa ya yi yawa ya kwanta a gonaki, bukukuwa da dama aka ɗaga, ƙungiya ta yi sanyi, biyu daga cikinmu suka bari. Ni kuwa ina zaune a kan tabarma ina kallon kaji. Na rame, gyambon ciki ya kama ni, kaina kullum kamar an ɗaura masa igiya. Masu dubiya kashi biyu ne. Wasu su ce ai shi ke nan, dama rawa ba abin yi ba ce, ki gode Allah kina da takarda. Wasu kuma su ce haba, nan da sati za ki tashi kamar ba a yi ba. Na biyun sun fi gajiyar da ni, domin satin yakan zo ya wuce ƙafar tana nan yadda take.

Wata safiya Inna Dije ta shigo da ƙwarya a hannu da ƙullin tsakuwar rafi. Ta gaisa da Ummanmu, ta zauna, ta ɗora ƙafata a cinyarta tana dubawa kamar mai sayen doya. Na tambaye ta kai tsaye.

"Inna, zan sake rawa?"

"Wannan tambayar ba tawa ba ce, ta Allah ce," in ji ta. "Tawa ƙarama ce. Wannan makon me za ki ɗauka?"

Na ce ba abin da mai ƙafa ɗaya za ta ɗauka. Ta zube tsakuwar a gabana ta ce tana da cakansami da za ta saƙa, bayanta kuma ba ya son sunkuyo, don haka in tsince mata su cikin ƙwarya, amma da yatsun ƙafar hagu. Na yi dariya, karo na farko cikin watanni. Ranar, da ƙyar na ɗaga 'yan ƙwayoyi, gumi yana zuba kamar na yi daka. Kafin ta dawo ƙwaryar ta cika.

Haka muka shiga. Kowane mako da abinsa, kuma ba ta taɓa gaya mini na gaba. Ta baza yashi ta ce tunda ni 'yar boko ce, in rubuta mata abacada da babban yatsa, ba tare da na motsa gwiwa ba. Ta sa na riƙe gindin rumbu ina ɗaga dunduniya ina saukewa a hankali. Ta sa na tsaya da ƙafa ɗaya ina tankaɗe wa Ummanmu gari, har Umma ta ce tuwon gidanmu ya koma hannun shamuwa. Da ruwa ya ja, ta kai ni rafi na yi tafiya a jiƙaƙƙen yashi, gaba da baya. Duk abin da ta kawo takan ce tsohuwar dabarar masu rawa ce, ni kuma na karɓa.

Ba ta bar ni na fita daga ƙungiya ba. Ranar atisaye takan aiko a ɗauke ni a babur, a ba ni shantu in zauna kusa da Yaya Talatu. Ana yi wa kowa tambayar, ni ma ana yi mini. Ta ce kunnen da ya daina jin ƙwarya ya fi ƙafa wuyar warkewa.

Abin da na lura da shi, kuma shi nake so ku riƙe, jikina ya fara dawowa tun kafin ƙafar ta dawo. Da zarar na sami abin da zan iya gamawa kafin Juma'a, sai barci ya dawo, tuwo ya dawo da ɗanɗanonsa, zafin ciki ya lafa. Tunanin shekara guda nauyi ne da ba ni da wuyan ɗauka. Tunanin ƙwaryar tsakuwa kuwa ko yaro ya ɗauka. Na fara sa rai, amma ba irin sa ran masu dubiya ba. Wannan yana da abin da ya taka.

Sau ɗaya na so in yi gaggawa. Na ji ƙarfi, ƙwarya ta yi daɗi a atisaye, na ajiye shantu na miƙe zan yi juyi. Inna Dije ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗaga wa Yaya Talatu hannu, kiɗa ya tsaya, ta ce ba na wannan makon ba ne, kuma duk wadda ta ci na gobe yau, gobe za ta kwana da yunwa a kan tabarma. 'Yan ƙungiya suka sa mini suna Hajiya Gaggawa, sunan ya bi ni har kaka.

Da aka girbe abin da ruwa ya bari, bukukuwa suka dawo. Aka kira mu Maruta, auren 'yar wani malamin Islamiyya, wunin mata a gidan kakarta. Gida ne na ƙasa, tsakar gida daɓaɓɓiya, sumul, an yayyafa ruwa tun safe ya tsotse. Na cire takalmi na zaga shi duk da ba ni ke jan layi ba. Muka zauna ɗauri. Na sa tsumma biyu a ƙafar hagu. Da Inna Dije ta iso kaina ta yi tambayarta, na ce zan yi waƙa ɗaya, daga farko har ƙarshe, a layin baya. Ta ce da saura. Na yi tunani, na ce kuma zan tsaya ko da kiɗa yana da daɗi. Ta gyaɗa kai ta wuce.

Ba zan iya kwatanta muku yadda ƙasa ta karɓe ni ba. Takun farko kamar sallama a gidan da aka daɗe ba a je ba. Cakansamin da yake ƙafata da tsakuwar da na tsince aka saƙa shi, kuma yana amsa ƙwarya daidai, hagu da dama murya ɗaya. Juyi ya zo, na ga gwiwar hannun Yaya Talatu ta ɗaga, na shiga na fita, dunduniya a sama. Wata tsohuwa da ta san labarina ta saki guɗa, sauran suka ɗauka.

Waƙar ta ƙare, Yaya Talatu ta zarce cikin ta biyu, wadda na fi so duk cikin waƙoƙinmu. Jikina ya yi zafi, ƙafar ba ta ce komai ba, kuma na san ba za ta ce ba sai an gama. Mata suna kira, 'yar Sundimina, dawo gaba, dawo gaba. Uwar biki da kanta ta kamo hannuna. Na durƙusa na gaishe ta, na ce Hajiya a yi mini haƙuri, nawa ya cika. Na fita daga layi na zauna a tabarma na ɗauki shantu. A duk shekarun da na yi ina rawa, da gidajen da aka yi mini guɗa, babu takun da nake alfahari da shi kamar waɗannan 'yan takun daga fili zuwa tabarma.

Da yamma muna kwancewa ta tambaye ni ko na ɗauka. Na ce na ɗauka, Inna, duka biyun. Ta taɓa idon sawun ta ji babu zafi, ta ce to, 'yar boko ta fara karatu. Washegari na tashi na taka ƙafar, ta ɗauke ni. Daga waƙa ɗaya muka koma biyu, daga baya muka matso tsakiya, kafin wata kakar na koma jan layi, kuma har yau ni nake ja. Don haka in kun zo, kabar jiƙo za ku fara tararwa, sannan tambaya. Ku zo da amsa ƙarama.

Shekaru bayan haka, Inna Dije ta riga ta ajiye rawa saboda gwiwa, muka je wani suna a Birnin Kudu. Muna kwance cakansami sai wata mata ta tsaya a kaina tana kallon ƙafata ta hagu, ba fuskata ba. Ta tambaya ko ni ce ta Sundimina. Sai da ta yi magana na gane ta, ma'aikaciyar gashin ƙashin nan ce mai sanyin hannu. Ta roƙi in juya mata ƙafar, na juya, ta riƙe baki.

Ita ta gaya mini cewa duk daminar da na yi ina jinya, ranar kasuwa, wata gajeriyar tsohuwa takan zo cikin taɓo ta bi layin marasa lafiya, in an iso kanta ta cire takalmi ta ce ba ita ce mai ciwon ba, a nuna mata a ƙafarta abin da yarinyarta za ta iya yi a makon. Ba ta tafiya sai ta gwada da tsohuwar ƙafarta ta ga ta iya. Ta ce tun zuwan farko ta faɗa wa tsohuwar gaskiya, cewa yarinyar za ta yi tafiya, amma ba ta zaton ƙafar nan za ta sake ɗaukar rawa. Tsohuwar ta saurara har ƙarshe, ta sa takalminta, ta hau mota ta koma Sundimina da maganar, kuma ba ta taɓa sauke ta a gidan kowa ba.